Ƙwaryar da Aka Goge

Abin ya fara ne daga wata tambaya da Alhaji Barmo ya yi bayan an sauko Juma'a, yana tsakiyar cin shinkafa. Ya dawo daga Kwatano da wani farantin tagulla da abokin cinikinsa ya ba shi kyauta, an yi wa jikinsa tsuntsaye. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya ɗaga murya.

"Ina Tahira? Zo ki gaya mini, wannan aikin ina ne? Ke ce mai ilimin gidan nan."

Matarsa, Hajiya Salima, tana durƙushe tana ƙara masa miya. Hannunta bai karkace ba, miya ba ta zube ba, amma maganar ta shige ta kamar ƙaya a tafin ƙafa. Mai ilimin gidan nan. A gidanta, a gaban ƴaƴanta, a kan tabarmar da ita ta shimfiɗa.

Tahira ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Jiratawa ta zo Maradi, ta zauna wurin yayarta a unguwar Zariya don ta yi jami'a. Abin da take karantawa kuwa shi ne tarihin fasaha: yadda mutanen dā suke zane da sassaƙa da saƙa da gini, wa ya yi, yaushe, kuma don me. Tana shekarar ƙarshe ta lisans, wato digirin farko. Mahaifinsu, Malam Idirisa, ya yanke magana tun ranar da ya sa ta a mota: shekarun lisans ya ba ta, babu ƙari. In ta gama, madalla. In ba ta gama ba, ta dawo gida, lambu yana jiran hannu.

Tahira ta zo ta durƙusa, ta karɓi farantin. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce tana jin aikin maƙeran kudu ne, ta nuna masa inda aka bi da guduma ta baya har tsuntsun ya kumburo ta gaba. Alhaji ya yi dariya, ya dubi ɗiyarsa Malika.

"Kin ji ko? Ki yi karatu ki zama kamar Tanti Tahira."

Kamar Tanti. Ba kamar Mama ba.

To, ita ma Salima ai ta yi lakkwal, wato makarantar boko, kada ku ɗauka ba ta yi ba. Bak, jarrabawar shiga jami'a, ce ta ƙi ta, ta sake gwadawa ta sake ƙin ta, sai ta ce ta gaji, ta auri Alhaji da son ranta. Ba abin da ta rasa. Ga gida mai bene, ga firigo mai sanyaya ruwa, ga Makka ta je ta dawo. Amma kullum safiya, in Tahira ta rataya jaka za ta fita, sai Salima ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji, ta bi bayan yarinyar da ido har ƙofa ta rufe.

Kafin wata Juma'ar ta zagayo ta sallami ƴar aikin gidan. Da Alhaji ya tambayi dalili, amsa tana nan a shirye.

"Baƙon hannu cikin abincinka, ga ƙanwata a gida? Kuma ɗiya mace ce, Alhaji. Gobe gidan wani za ta. In ta je ba ta iya komai ba, wa za a zaga? Ni za a zaga."

Alhaji ya ce wannan gaskiya ne. Shi dai a ba shi abincinsa kan lokaci.

Daga nan safiyar Tahira ta canza. Shara tata, wanke-wanke nata, dama koko nata, wankan yara nata, kai su lakkwal nata. Sai ta gama wannan duka sannan ta tsaya bakin titi tana ɗaga wa kabu-kabu hannu, rana ta riga ta yi sama.

"Yaya, yau malamin nan ne mai rufe ƙofa in an makara."

"To ai sai ki yi sauri. Tsayawar nan da kika yi kina gaya mini, ita ma lokaci take ci."

Tahira ba mai gardama ba ce. Ta ɗauki tsintsiya. Wannan shirun nata kuwa shi ya fi ƙona ran Salima, don da yarinyar tana maida magana, da an sami abin kamawa.

Wata rana da hantsi, Salima ta shiga ɗakin Tahira wai neman almakashi, ta tarar da wani ƙaton littafi na Faransanci da aka aro daga ɗakin karatun jami'a. Ta buɗe. Allah ya sani, ta daɗe a tsaye. Ga masallatan ƙasa masu tsinin kai, ga tsofaffin riguna masu aiki, ga ƙofofi da aka sassaƙa. Tana juya shafi tana shafawa da yatsa, har miyarta ta kusa kamawa a wuta. Abin ya yi mata kyau, kyan ya yi mata ciwo. Wato wannan ne ake zama a kalla kullum, a kira shi karatu, a ba mutum takarda a kai? Can tsakiyar littafin ta ci karo da hoton wani mutum-mutumi na farin dutse, namiji, tsirara haihuwar uwarsa. Nan ta tsaya. Ta naɗe kunnen shafin.

Da Alhaji ya dawo cin rana ta ajiye masa littafin a buɗe kusa da kwano.

"Ni ba na son in faɗa, kada a ce baƙin ciki nake da ita. Amma gidanka ne, ga yara suna shiga ɗakin."

Alhaji ya yi a'uziyya, ya rufe littafin da bayan cokali. A ranar Salima ta kira Jiratawa, ta sa wayar a babbar murya, ta ce Tahira ta zo ta yi wa Baba bayani da bakinta.

"Gumaka?" in ji Malam Idirisa. "Ni da na ce ki tahi karatu, gumaka kinka tahi kallo?"

"Baba, tarihi ne. Ba bauta musu ake ba. Likita ma ai yana duba jikin mutum."

"Ke likita ce?"

Aka kashe magana a kan cewa littafi mai hoto ba zai sake kwana a gidan ba. In za ta karanta, ta karanta can. Can ɗin kuwa yaushe? Kafin la'asar dole tana gida, tukunya tana jira. Alhaji bai sake kiranta mai ilimin gida ba. Ƙawayen Salima in sun zo hira sai su ce, "Ina ƴar karatun gumakan? A kawo mana ruwa." Su yi dariya, Salima ta ce, "Kai, ku bar mini ƙanwa," tana dariyar ita ma.

Sai jarrabawa ta zo. Ranar da Tahira za ta rubuta babbar takardarta, Salima ta wayi gari da ɗankwali ɗaure a goshi, tana kwance a falo tana nishi. Ga shi baƙin Alhaji daga Kano za su ci abincin rana a gidan.

Tahira ta tsaya da jakarta a kafaɗa. "Yaya, don Allah. Yau ce ranar. A kira maƙwabta su kama, ko a sayo dafaffe."

"A sayo dafaffe a ba baƙin Kano? Ki rufa mini asiri, Tahira. Mutumin nan shi ke ci da ke, shi ke shayar da ke. Rana ɗaya ya nemi alfarma? Jarrabawa ai ana sakewa. Baƙi ba a sake su."

Tahira ta sauke jaka. Baƙi suka ci, suka yaba hannun Hajiya. Kafin la'asar ciwon kai ya warke, har Salima ta samu ta leƙa wani suna a Sabon Gari.

Yarinyar ta fara zubewa. Wuyanta ya yi tsawo, awarwaron hannunta ya soma zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga tulu. Maƙwabciya ta tambaya ko lafiya, Salima ta ce, "Karatun ne ke cin ta. Na ce ta rage, ba ta ji." Ita kanta ta kusa yarda da abin da ta faɗa.

Abu ɗaya ya rage wa Tahira. Malamarta, Madam Tsahara, ta gaya mata gaskiya: giɓin da rashin jarrabawar nan ya bari, ba abin da zai cike shi sai memwar, wato littafin binciken da ake rubutawa a shekarar ƙarshe. In ya yi kyau ƙwarai, za ta haye. In bai yi ba, sai maimaita shekara. Maimaita shekara kuwa, kun ji abin da Malam Idirisa ya ce.

A kan zanen ƙwarya Tahira take bincikenta, irin na matan Gobir na dā, wanda ake yi da ƙarfe mai zafi. Ba daga sama ta tsinci wannan ba. Marigayiya uwarsu sana'arta ke nan. Tahira tana goye aka rasa ta, ba ta san fuskarta ba ma. Salima ce ta santa. Salima ce ta zauna gefenta tana hura mata garwashi, hayaƙi yana sa ta hawaye.

Ranar wata Asabar Salima ta ce za ta gaida kakarsu, Inna Fasuma, a Tibiri, direban Alhaji ya kai su ita da Tahira. Suka tarar da tsohuwa a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya daɗe da yin hazo.

"A'a, Hajiya Makka ce yau a gidanmu? Mi munka yi?"

"Inna ke nan. Kullum sai kin yi mini tsiya."

Bayan an gaisa, an sha ruwa, Tahira ta matsa kusa ta fara tambayoyinta. Tsohuwa ta saki jiki, ta ce a sauko mata da ƙwaryar da ke cikin ragaya can saman murhu. Aka sauko da ita. Babba ce, hayaƙin shekaru ya maida ta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ido ba ya ganin komai a jikinta. Inna Fasuma ta ɗora ta a cinya, ta bi ta da yatsu.

"Wagga ce ta ƙarshe da uwarku ta zana. Duk abin da ta iya, nan ta zuba shi. Ga ƙafar kaza. Ga gidan zuma. Nan wata ne da zara. Wannan da ya zagaye baki, hanyar tururuwa take ce mishi. Yanzu wa ke yin irin shi? Kowa ya koma roba." Ta juya fuska wajen Tahira. "Duk cikin jikokina, ke ɗai kinka taɓa tambayata sunan zanen uwarki."

Salima tana zaune a kan kujera da jakarta a cinya. Ita ba ta tambaya ba don ta sani. Amma wa ya tuna?

Yatsan tsohuwa ya tsaya a wani wuri, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ga shi nan! Kawo hannunki. Kin ji inda hanya ta karkace? Hannun yayarki ne. Tana ƴar ƙarama ta dami uwarku sai an ba ta ƙarfe. Anka ba ta, ta kwashi tururuwa ta yi daji da su. Na ce a gyara, uwarku ta ce a bar shi."

Tahira ta juyo, fuskarta ta haskaka irin yadda ba ta yi ba tun watanni.

"Yaya! Ashe da hannunki a ciki! Wallahi sai na sa sunanki a littafin."

Salima ta yi murmushi da baki. A ranta kuwa ta ga abin sarai: manyan malamai a jere, Tahira a tsaye a gabansu da sabuwar lufaya, tana ɗaga ƙwaryar uwarsu, tana nuna musu inda yayarta ta ɓata. A bango sunan Tahira da manyan baƙaƙe. Can ciki, a wani lungu, sunan Salima, wadda ta karkace.

Inna Fasuma ta naɗe ƙwaryar cikin tsohon zane ta miƙa wa Tahira da hannu biyu.

"Amana ce. Yadda na ba ki, haka za ki maido mini."

A mota Tahira ta rungume ta kamar jaririya, bakinta ya buɗe. Ta ce ta gwada ɗaukar hoto da waya, baƙi kawai yake fitowa. Amma ranar Litinin za ta kai wa Madam, za su zauna su goge ta a hankali da auduga, kaɗan-kaɗan, har zanen ya fito, sannan a ɗauki hoto a zana shi a takarda. Duk littafin a kan wannan ƙwarya zai tsaya.

"Goge ta za a yi?" in ji Salima.

"E, Yaya."

"To."

Washegari Lahadi da safe, Salima ta aiki Tahira wurin tela a Sabon Gari da ɗinkin yara, ta ce kada ta taso sai ya gama a gabanta, don telan maƙaryaci ne. Yara suna Islamiyya. Alhaji ya fita. Gida ya yi tsit.

Ta ɗauko ƙwaryar, ta zauna bakin famfo da ruwan ɗumi da toka. Ta gaya wa kanta wankewa kawai za ta yi, abu mai dauɗa haka bai kamata ya kwana a ɗaki ba. Ta sa tsumma. Hayaƙi ya soma narkewa yana bin yatsunta, sai ga zanen yana fitowa. Ƙafar kaza a jere, ba wadda ta fi wata. Gidan zuma. Wata da zara. Jar fatar ƙwarya tana sheƙi a rana, baƙin layi a kanta siriri kamar an ja shi jiya. Har warin ƙonar ƙwarya ta ji a hancinta, har muryar uwarta tana cewa, hura a hankali, kada ki tada toka.

Da ta tsaya a nan, jama'a, da ta yi wa ƙanwarta alherin da ba a taɓa yi mata ba. Ta san haka. Ta riƙe ƙwaryar tana kallo, kyanta yana ƙaruwa, abin da ke ƙirjinta yana ƙaruwa tare da shi. Wannan duka za a ɗauka a ba wadda ba ta hura wuta ko sau ɗaya ba.

Ta tashi ta ɗauko wuƙa.

Ɗiyar mai zanen ƙwarya ta san cewa zane a fata kawai yake zaune, fatar kuwa ba ta kai kaurin farce ba, musamman in ta sha ruwa. Ta kwantar da bakin wuƙar ta fara kankara. Kaza ta tafi. Zuma ta tafi. Da ta zo kan hanyar tururuwa, inda layin ya karkace, sai ta tsaya, maganar Inna ta dawo mata. Uwarku ta ce a bar shi. Ta daɗe wuƙa tana kan wurin. Sannan ta danna. Ta bi da soson ƙarfe, ta ɗauraye, ta kife ta a kan turmi ta sha rana, fara tas kamar yau aka fafe ta.

Da azahar Tahira ta dawo da ɗinki. Ta wuce ƙwaryar ba ta gane ta ba. Sai da ta shiga ɗaki ta ga tsohon zanen Inna a yashe, sannan ta fito da gudu.

"Yaya, ina ƙwaryar?"

"Ga ta can tana bushewa. Na ga aiki ya yi miki yawa, na ce bari in rage miki."

Tahira ta ɗaga ta. Ta juya ta. Ta sake juyawa, tana neman ko layi ɗaya. Ta zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke.

"Me kika yi? Yaya, me kika yi?"

"Ai ke kika ce za a goge ta."

"Hayaƙin za a goge! Hayaƙin!"

"To ni na sani? Ni na yi jami'a?"

A karo na farko tun zuwanta gidan, Tahira ta ɗaga murya. Ta ce, "Kin sani! Wallahi kin sani!" Daidai nan Alhaji ya shigo. Ya saurari matarsa, ya dubi ƙwaryar, ya dubi yarinyar da ke kuka a ƙasa.

"Haba, Tahira. Ƙwarya ce fa. Gobe in aika kasuwa a kawo miki masu zane, ki zaɓi wadda kike so. Yayarki taimako ta yi niyya, kuskure ya zo. A kan ƙwarya za ki yi wa wadda ta riƙe ki ihu, maƙwabta suna ji? Tashi ki ba ta haƙuri."

Tahira ta tashi, ta durƙusa, ta ba da haƙuri. Salima ta ce ba komai, ya wuce, yaro ai sai da haƙuri.

Ranar Litinin da la'asar, Salima tana madafa tana tankaɗe, Tahira ta shigo da farar takarda da fensir. Idonta ya kumbura, amma muryarta a kwance take. Ta durƙusa a gaban yayarta.

"Yaya, na gaya wa Madam. Ta ce akwai hanya ɗaya. In akwai wanda ya san zanen da idonsa, ya zana shi a takarda, Inna ta tabbatar da sunayen, za ta karɓa. Inna ba ta gani. Baba bai taɓa kula da shi ba. Ke kaɗai ce. Kina wurin aka yi shi, kuma jiya kin gan shi kafin ya tafi." Ta ajiye takardar a kan tabarma, ta tura ta gaba kaɗan. "Ba zan sake cewa kin sani ba. Kuskure ne, na yarda. Ko ba duka ba, Yaya. Ko bakin kawai. Don darajar Mama."

Salima ta dubi takardar. Zanen yana nan a ƙwaƙwalwarta duka, daga gindi har baki, ba layin da ya ɓace. Yatsunta har ƙaiƙayi suke. Ga mai ilimin gida a durƙushe a gabanta, tana roƙon abin da babu shi a duk littattafan jami'a. Daɗin wannan ya ratsa ta har ƙafa. Amma in ta zana, daɗin zai ƙare yau, gobe kuma Tahira ta rataya jaka ta fita.

Ta ci gaba da kaɗa rariya.

"Na manta," in ji ta. "Yaushe rabon duniya? Matsa, kina tare mini haske."

Tahira ta miƙe. Sannan ta ɗauki takardarta ta fita.

Ta yi abin da za ta iya. Ta harhaɗa littafin da ƙoren kasuwa da ɗan abin da Inna ta faɗa da baki. Bai kai ba. Da sakamako ya fito, sunanta yana cikin masu maimaitawa. Madam Tsahara ta kira Jiratawa da kanta ta roƙa, Malam Idirisa ya ce ya gode, amma shi ba ya magana biyu.

Ya zo da kansa ɗaukarta. Ya zauna a falo ya sha ruwan sanyi, ya yi wa Alhaji godiya, sannan ya juya ga babbar ɗiyarsa.

"Salima, kin yi ƙoƙari. Kin ci da ita, kin tufatar da ita, kin tsare mata tarbiyya. Karatun ne bai karɓe ta ba. Allah shi yi miki albarka."

"Amin, Baba. Ai ɗiyata ce."

Tahira ta fito da jakarta, ta durƙusa ta yi wa kowa sallama. Malika ce kawai ta riƙe mata zane tana kuka har bakin ƙofa.

Ita kuwa ƙwaryar, an aika da ita Tibiri. Inna Fasuma ta ɗora ta a cinya, ta zagaya ta da yatsu sau ɗaya, ta miƙa wa direba.

"Wagga ba tawa ba ce. Maida wa wadda ta yi ta."

Haka ta dawo Zariya. Ƙwarya ce mai kyau, ba ta da tsaga, sai Salima ta sa ta a madafa ana zuba gari.

Yanzu in kun je Jiratawa da sassafe, za ku ga Tahira a lambun ubanta tana tsinkar zogale, an ce ba ta cika magana ba. Ba wanda ya taɓa dukanta. Ba wanda ya hana ta abinci ko kwana ɗaya. Babu tabo a jikinta da za ta nuna wa wani. In kuma kun tambaya a Zariya, matan unguwa za su ce muku Hajiya Salima mutuniyar kirki ce, ta riƙe ƙanwarta shekara da shekaru kamar ita ta haife ta. An ɗauki sabuwar ƴar aiki tun satin da Tahira ta tafi, ba wanda ya sake maganar baƙon hannu.

Salima ta zaci abin da ke tokare mata ƙirji zai bi yarinyar ya tafi. Bai tafi ba. Da safe har yanzu tana kallon ƙofa.

Wata rana da azahar tana zaune a madafa, gari a baje cikin faranti, hankalinta ya yi nisa. Da ta farga, sai ta ga yatsanta ya gama aiki ba da saninta ba. Ga ƙafar kaza a jere cikin garin. Ga gidan zuma, ga wata da zara. Ga hanyar tururuwa ta zagaye baki, har da inda ta karkace.

Malika ta shigo da kayan lakkwal, ta leƙo ta kafaɗarta.

"Kai, Mama! Wannan ya yi kyau! Tanti ce ta koya miki?"

Salima ta sa tafin hannu ta goge.